Tarin da Aka Haife Ni da Shi, da Laifin da Aka Ɗora wa Matata

Assalamu alaikum. Ni mutumin ƙasar Argungu ne a jihar Kebbi, malamin sakandare mai koyar da ilimin halittu, kuma ina taɓa noman shinkafa a fadama kamar kowa a wajenmu. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin akwai maganar da namiji ba ya son a ji ta daga bakinsa. Maiɗakina ce ta matsa. Ta ce tunda an yi shekaru ana maganarta a bainar jama'a, to gaskiyar ma a faɗe ta a bainar jama'a.

Inna ta ce wata tara cif na yi a ciki, ban zo da wuri ba, amma tun ranar da na faɗo numfashina sama-sama yake. Ungozoma ta ce sanyi ne ya kama ni. Kafin suna hancina ya toshe da majina, kuma tun daga lokacin bai bushe ba. Na tashi da tsumma maƙale a wuyan riga. Yara suka laƙaba mini suna da majinar, ba sai na maimaita shi a nan ba. Kunnena yakan yi ruwa, wani lokaci mugunya, har jina ya ragu, malamin aji ya riƙa cewa taurin kai ne ke hana ni amsawa. Tarina kuma mai ruwa ne, irin na tsofaffi, rani da damina.

Ba a bar ni haka ba, an yi iya ƙoƙari. Wanzami ya cire mini beli. Na sha zuma da citta da kanumfari, na shaƙi hayaƙin tazargade har idona ya yi ja, na sha rubutu. Aka hana ni zuwa gulbi, wai ruwa ke ƙara mini sanyi. A garin da yaro ke koyon iyo kusan tare da tafiya, ni a bakin gaɓa nake zama ina tsaron rigunan abokaina. Ina da ƙanwa da ta zo da irin numfashina, ita ba ta kai yaye da nisa ba Allah ya karɓi abarsa. Sauran 'yan'uwana lafiyarsu ƙalau. Baba da Inna kuwa 'ya'yan wa da ƙani ne, auren zumunci aka yi musu, kuma a lokacin babu wanda ya kawo wannan a ransa.

Ina sakandare na fara ganin jini a kakina. A wani asibiti aka dubi ramata, aka ji tarin, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ni kan maganin wata shida. Wanda ya taɓa shan ƙwayoyin nan ya san yadda fitsari ke komawa ja-ja da yadda ciki ke tashi. Abin da ya fi maganin ɗaci shi ne gida. Aka ware mini kwano da moɗa, aka fitar da tabarmata zaure. Ban ga laifin kowa ba, tsoro ne. Na gama magani na ɗan ji dama, tari ya dawo yadda yake, bayan 'yan shekaru aka sake ɗora ni a kansa, har ana zargina da cewa ban sha na farkon da kyau ba. Sai daga baya, da na'urar gwajin tarin fuka mai suna GeneXpert ta zo, aka gwada kakina aka ce babu ƙwayar cutar a ciki.

Lokacin da na shiga kwalejin horon malamai aka buƙaci hoton ƙirji. Mai ɗaukar hoton ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya sake juyawa, ya yi tsaki ya ce yaronsa ya manna alamar dama da hagu a baibai. Aka sake ɗauka. Da na biyun ya fito sai ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin mamaki: zuciyata a dama take. Aka duba ciki, hanta a hagu, saifa a dama, komai ya yi musaya. Aka ce mini halittar Allah ce, ba cuta ba ce, in dai riƙa gaya wa likita idan za a yi mini aiki. Ina tsaye a gabansu ina tari, amma babu wanda ya haɗa tarin da zuciyar. A kwalejin nan kuma na haddace, don cin jarrabawa kawai, cewa siririn gashin da wasu ƙananan halittun ruwa ke iyo da shi yana da bututu tara a kewaye da biyu a tsakiya. Na zana shi a takarda, na samu maki, daga baya na zana wa ɗalibaina shi a allo shekara da shekaru.

Na yi aure da yarinyar da nake so, ba 'yar dangi ba ce. Shekarar farko aka yi ta tsokana, ta biyu aka fara tambaya, daga nan sai magana ta canja launi. Ba a taɓa tambayata komai ba. Ita ake kallo. Gwaggona ta kai ta wajen mai magani, aka ce sanyin mata ne, wani ya ce jifa, wani ya ce namijin dare. Ta sha jiƙe-jiƙe har ta yi ta gudawa. A wani ƙaramin asibiti aka yi mata wankin mahaifa ba tare da ta taɓa yin ɓari ba, ta dawo tana tafiya a dudduƙe. Ranar sunan ɗan ƙanena wata ta ce, da ƙarfi yadda za ta ji, ai gidan da aka ajiye juya sai dai a ci tuwon sunan wasu. Ta gama rabon abincin da aka sa ta, ta dawo ɗaki, ta juya fuska bango. Daren nan ta ce mini, "Malam, ka ƙara aure. Na gaji da zama abin nuni." Inna ma ta riga ta fara yi mini zancen wata 'yar ƙawarta.

Abin da ya tsayar da maganar auren wata likitar mata ce a Birnin Kebbi. Ta duba duk takardun matata, ta ce ba ta ga abin da zai hana ta ɗaukar ciki ba, kuma ba za ta sake rubuta mata ko allura ɗaya ba sai ta ga maigidan. Da na shiga ta ce, "Malam, ciki mutum biyu ke yin sa. Gwajinka ya fi nata sauƙi da araha, da shi ya kamata a fara." Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na dubi matar da ta sha abin da ta sha saboda ni, na karɓi 'yar kwalbar.

Sakamako ya nuna ƙwayoyin maniyyi suna da yawa, siffarsu daidai, amma ba sa motsi. Aka ce in huta in sake, aka sake samun haka. Mai ɗakin gwajin, da ya ji ni malamin ilimin halittu ne, ya ce in zo in gani da idona. Na sa ido a madubin. Na san yadda ya kamata su kasance, suna wutsil-wutsil suna tsere. Nawa suna nan birjik, kowanne da kansa da doguwar wutsiyarsa a miƙe, sai dai ruwan ya ɗan kwashe su gefe. Na ce masa matattu ne ke nan. Ya ce a'a. Ya ɗiga wani jan rini wanda ke shiga cikin mataccen ƙwaya kawai, ya ce in sake dubawa. Mafi yawansu ba su ɗauki rinin ba. Da ransu, tafiya ce ba sa iyawa.

Da na mayar wa likitar takardar, tari ya sarƙe ni a ofishinta. Ta ajiye biro ta ce tun yaushe nake wannan tari. Na ce tun haihuwa. Ta kama yatsuna ta dubi yadda kawunansu suka kumbura farcen ya lanƙwashe. Ta ɗora abin sauraro a hagun ƙirjina, ta yi shiru, ta mayar da shi dama. Sai ta rubuta mini takarda zuwa wajen likitan huhu a Sakkwato. A can hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna hanyoyin iska na ƙasan huhuna sun buɗe sun lalace, majina ta kwanta a ciki, kogon hancina ma a cike. Likitan ya ce abubuwa ukun nan, juyewar kayan ciki da lalacewar hanyoyin iska da ciwon kogon hanci, wani likita mai suna Manes Kartagener ya bayyana su tare a birnin Zurich a 1933, shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Sannan ya jawo takarda ya zana da'ira, ya jera tagwayen bututu tara a kewaye, ya sa biyu a tsakiya. Jikina ya yi sanyi. Zanen allona ne.

Daga nan na shiga karatun abin kamar mai shirin jarrabawa, kuma zan ɗan tsaya a kansa, domin duk wahalar rayuwata a nan take. Hanyar numfashin mutum, daga hanci har cikin huhu, shimfiɗe take da wannan siririn gashi da ido ba ya gani. Ƙwayar halitta ɗaya tana ɗauke da kusan 200, kuma kowanne yana kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa, suna tura majina da ƙura da ƙwayoyin cuta sama zuwa maƙogwaro, mutum ya haɗiye bai ma sani ba. Wutsiyar maniyyi ma ginin cikinta iri ɗaya ne, sai dai ta fi tsawo. Bututun an gina su da furotin mai suna tubulin. A jikin kowane tagwaye akwai hannaye sahu biyu, na waje da na ciki, na wani furotin da ake kira dainin, wanda Ian Gibbons ya ware ya raɗa wa suna a 1965. Hannun yana ƙona makamashin ƙwayar halitta da ake kira ATP, ya cafki bututun da ke maƙwabtaka da shi, ya ja, ya saki, ya sake cafka.

Ja kaɗai ba ya kawo kaɗawa. A 1971 Gibbons da abokin aikinsa sun narkar da ɗaurin da ke tsakanin bututun a wutsiyar maniyyin wata halittar teku, suka zuba ATP, sai bututun suka zame wa juna suka yi ta tsawo maimakon su lanƙwasa. Ashe wani furotin, nekzin, shi ke ɗaure tagwaye da tagwaye, ya hana su zamewa da nisa, sai jan ya koma lanƙwasa. Kuma da a ce hannayen duk kewayen za su ja lokaci guda, da gashin ya sandare. Dole na gefe ɗaya su ja, na ɗaya gefen su saki, sannan su yi musaya. Duk ɗan bakin gulbi ya san haka a kwalekwale: in na dama ya tuƙa na hagu ya ɗaga filafili, jirgi ya karkata, in suka juya ya karkato, in kuwa kowa ya yi gaban kansa ba inda za a je. Masu tsara wannan musaya su ne bututu biyun tsakiya da wasu 'yan sanduna da ke miƙawa daga kowane tagwaye suna taɓa su, saƙo ya bi ta jikinsu ya isa ga hannayen.

An gano rabon aikin nan ne a jikin wata 'yar mitsitsiyar gansakukar ruwa mai wutsiya biyu, Kilamidomonas. Wadda aka haifa babu hannayen waje tana iyo, amma a hankali, don su ne masu ƙarfi da sauri. Wadda ta rasa na ciki, siffar lanƙwasarta ce ke lalacewa. Wadda ta rasa 'yan sandunan ko bututun tsakiya kuwa, hannayenta lafiya lau amma ta shanye gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in aka ƙara lalata wani ɓangare na ɗaurin nekzin a irin wannan shanyayyar, sai motsi ya dawo. Wato akwai birki a wurin, kuma sandunan ne ke ba da izinin sakinsa. Furotin ɗaruruwa ne ke cikin wannan ɗan gashi, kowanne riƙe da wani, kuma zuwa yanzu an gano ƙwayoyin gado fiye da 50 da in ɗaya ta samu matsala abin zai tsaya ko ya yi kaɗawar banza. Ta farko an gano ta a 1999.

Wanda ya haɗa zaren shi ne Bjorn Afzelius na ƙasar Suwidin. A 1976 ya ba da rahoton wasu maza da maniyyinsu ba ya motsi, aka ga babu hannayen dainin a wutsiyar, kuma suna fama da ciwon ƙirji da na hanci, wasunsu zuciya a dama. Ya yi hasashen cewa irin wannan gashi ne ke nuna wa ɗan tayi dama da hagu. Sai a 1998 masu bincike a Japan suka gani a jikin ɓeraye: a farkon halittar ɗan tayi akwai wani ɗan rami mai gashin da ke juyawa yana kora ruwa zuwa hagu, daga nan jiki ke sanin inda zai ajiye zuciya. In gashin bai juya ba, abin ya zama canki-canki, shi ya sa kusan rabin masu irin ciwona ne kawai ke da zuciya a dama. Gashin wannan ramin ba shi da bututun tsakiya, saboda haka waɗanda matsalarsu ta tsakiya ce ko ta sanduna zuciyarsu na zama a hagu. Tawa da ta koma dama tana nuna matsalar ba daga can take ba.

Sanin wannan bai sauƙaƙa mini hanyar komawa gida ba. A mota daga Sakkwato zuwa Argungu na yi ta shirya yadda zan faɗa. Har shaiɗan ya raya mini cewa takarda ce, in na ninke ta na sa a aljihu babu mai sani. Amma in na ƙara aure, yarinya ta biyu ma za a kira ta juya, ta uku ma haka. Bayan isha'i na zaunar da matata na karanta mata komai. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta yi kuka, irin wanda ban taɓa ji daga gare ta ba, kuma na san ba ni take yi wa ba, shekarunta take yi wa. Na ce mata in tana son ta tafi ta samu haihuwa a wani gidan, ba zan riƙe ta ba, kuma zan faɗa wa iyayenta dalili da bakina. Ta ce, "Malam, lokacin da ake cewa ni ce, ka kore ni?" Na ce a'a. Ta ce to a bar maganar. Sharaɗinta ɗaya ne: in gaya wa Inna da Gwaggo, ita ba za ta ƙara shan ko kofi ɗaya na jiƙo ba.

Gaya wa Inna ya fi wuya. Ta ce, "Wane irin zance ne wanga? Namiji da ƙarfinai a ce ba ya haihuwa?" Na yi mata bayanin cewa ƙarfin namiji daban, tafiyar iri daban. Da na zo kan gado, na ce ciwon galibi sai yaro ya karɓi ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, su kuma masu ɗauke da guda ɗaya lafiyarsu ƙalau, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da shi, sai ta yi shiru ta ambaci sunan ƙanwata da ta rasu. Ta ce, "Ashe mu muka ba ku." Na ce ba wanda ya ba wani, ba ku sani ba, kuma Allah ne mai rabawa. Ni ba na cikin masu zagin auren zumunci, ya riƙe gidaje da yawa. Amma mun riga mun koyi yin gwajin jini saboda sikila, kuma ina ganin dangin da yara ke ta zuwa da ciwo iri ɗaya ya kamata su zauna da likita kafin su sake haɗa 'ya'yansu. Gwaggo ba ta ba matata haƙuri da baki ba. Ta dai aiko mata da turmin atamfa da kaza, kuma a wajenta wannan babbar magana ce.

Ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Aikin da gashin ya kasa, ni nake yin sa da hannu. Kafin in tafi makaranta da kuma kafin in kwanta, nakan kwanta a gefe, matata ta ɗan lanƙwasa tafinta kamar ludayi ta bubbuga mini baya da haƙarƙari, in ja numfashi in fitar da abin da ya taru. Ina shan ruwa sosai, ina tafiyar ƙafa da sauri don ƙirji ya motsa. In kaki ya canja launi ko zazzaɓi ya zo, ba na jira, asibiti nake zuwa a gwada a ba ni maganin da ya dace. Na bar shan maganin hana tari, domin tari shi ne tsintsiyar da ta rage mini. Mun bar girki da itace a kusa da ɗaki. Lokacin hunturu da ranar sussukar shinkafa takunkumi ba ya barin fuskata, ko da abokan noma na yi mini dariya.

Batun haihuwa kuma ba a rufe ƙofa ba. Ba duk namiji mai wannan ciwo ne ke rasa haihuwa ba, mace mai shi ma takan haihu, ko da yake bututun mahaifa ma da irin gashin yake tura ƙwai. Ga irina, akwai hanyar da aka fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda mai rai a sa ta cikin ƙwan mace da siririyar allura, ba sai ta yi iyo ba. Na tambayi malamai, suka ce matuƙar irin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, kuma aure na nan, babu laifi. Kuɗin ne mai nauyi, kuma ba a ba da tabbacin nasara. Muna tara abin da shinkafar rani ta bari.

Bara ƙanwata ta wajen Kamba, wadda aka aurar wa ɗan kawunmu, ta haifi namiji. Aka kira ni aka ce yaron yana numfashi da sauri, hancinsa a toshe, tsofaffi sun ce sanyi ne, ana neman wanzami. Na hau mota a ranar. Na roƙi mijinta ya bar maganar beli, muka kai yaron wajen likitan yara, na ba da tarihina da na marigayiya. Hoto ya nuna zuciyarsa a hagu take, mijin ya ce to ai shi ke nan. Likitan ya ce masa wannan bai wanke yaron ba, tunda rabin masu ciwon haka tasu take. An koya wa uwar yadda za ta riƙa bubbuga masa ƙirji, an cika masa rigakafinsa, an sa a riƙa duba kunnensa kafin ya kai shekarun fara magana. Yanzu yana rarrafe, majinar tana nan, kuma ni ne mai raka su asibiti duk ranar da aka ba su.